Rigar ruwan da na saya da tsada tana yoyo, in mayar ko dama haka suke?

Malamin_Gona_Bokkos:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Ni malamin gona ne, aikina kullum a kan babur yake tsakanin ƙauyukan Bokkos da Mangu wajen manoman dankalin turawa, kuma duk wanda ya san Filato ya san ruwan Yuli da Agusta ba ya sallama kafin ya sauko. Kafin damina na tara kuɗi na sayi rigar ruwa irin ta masu hawan dutse a wajen wani mai sayar da kaya ta intanet, naira dubu 78 har da kuɗin aikowa. A tallarsa ya rubuta cewa ruwa ba ya shigarta ko ɗigo, a takardar da ke rataye a jikinta kuma an buga 10,000mm. Makon jiya mamakon ruwa ya tare ni a hanya, kafin in kai gida kafaɗuna da ƙirjina sun jiƙe sharkaf. Da na yi wa mai kayan magana sai ya ce wai babu rigar da ke tare ruwa gaba ɗaya, kuma kayan da aka riga aka sa ba a mayarwa. Gaskiya ne haka suke duka? Ko ina da hakkin a mayar min da kuɗina?

Ɗan_Achaba_Terminus:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar da alheri. Mu da muke wuni a kan mashin, riga da wando na roba muke saye, irin mai kaurin nan mai santsi. Zafi ne da ita, za ka yi gumi, amma ruwan sama ba ya ratsa ta. Waɗannan masu laushin ban taɓa ganin wadda ta jure gudun mashin a cikin ruwa ba.

Maman_Sadiq:
Ka mayar masa da kayansa kawai. Shi ya ce ba ta yoyo, ta yi yoyo, magana ta ƙare. Dubu 78 ba kuɗin wasa ba ne a wannan zamani.

Injiniya_Glasgow:
Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba. Ina zaune a Sikotilan, inda rigar ruwa ta zama kayan kullum, kuma muna yawan fita hawan duwatsu a yankin Fort William, don haka bari in ɗan faɗi abin da na sani.

Lambar nan ta 10,000mm ma'aunin ƙyalle ce. Ma'anarta, in aka ɗaure ƙyallen a gindin dogon bututu aka yi ta zuba ruwa, sai tsayin ruwan ya kai mita 10 kafin ɗigo ya ɓullo ta ƙasa. A ɗakin gwaji inji ne ke matsa ruwan, amma lissafin kenan. Daga 1,500 ake fara cewa ƙyalle na tare ruwa, 5,000 na yayyafi ne da ruwan da ba ya daɗewa, 10,000 ya kamata ya ɗauki ruwa sosai, masu tsadar gaske kuma suna kaiwa 20,000 ko fiye. Abin lura shi ne, ƙyallen kaɗai ake aunawa, sabo fil, a shimfiɗe. Ba a auna ɗinki, ba a auna zif, ba a auna wuya da bakin hannu. Don haka ƙyalle zai iya cin jarrabawa, rigar kuma ta faɗi.

Kafin mu yanke hukunci, amsa min waɗannan. Jiƙewar daidai take hagu da dama, ko gefe ɗaya ya fi? Me ka sa a ciki? Kana goye da jaka a lokacin? Kuma in ruwa ya sauka a kan rigar, dunƙulewa yake yana gangarewa, ko shanyewa yake ƙyallen ya yi duhu?

Tela_Sani_Fagge:
Injiniya ya taɓo inda nake. Duk inda allura ta bi, rami ta bari. Ɗinki mai tsawon kamu ɗaya ramuka nawa ne a ciki? Shi ya sa ake bin bayan ɗinkin rigar ruwa da wani siririn tef, inji na musamman ya manna shi da iska mai zafi. Malam, juya rigar ciki ya koma waje, ka bi kowane ɗinki da ido da yatsa. Ka ga ko akwai tef ɗin a ko'ina, ko kuwa wasu wurare ɗinki ne tsirara. Ka duba kuma ko akwai inda bakinsa ya ɗago ko ya yi kumfa.

Malamin_Gona_Bokkos:
Na gode ƙwarai. @Injiniya_Glasgow, kafaɗun biyu duk sun jiƙe, amma hagu ta fi, ƙirjin ma ta hagu ne, wajen aljihu. Rigar auduga ce a ciki, kuma ina goye da jakar takarduna. Ruwan da farko gangarewa yake, daga baya kafaɗun suka yi duhu. @Tela_Sani_Fagge na juya ta. Akwai tef a kafaɗa da hula da bayan wuya, amma gefen jiki da kewayen aljihu babu komai.

Injiniya_Glasgow:
To, an fara ganin haske. Riguna iri biyu ne ta wannan fuska: akwai wadda aka bi kowane ɗinki nata da tef, akwai wadda aka bi wuraren da ruwa ya fi bugu kawai don a rage kuɗin aiki. Taka ta biyun ce. Ga mai tafiya a ƙasa cikin gari tana iya wadatarwa, tunda ruwa daga sama yake zuwa masa. A kan babur kuwa ta gaba yake zuwa, iska na danna shi a ƙirji da zif da aljihu, wato daidai inda ba a rufe ba. Igiyar jaka ma tana matse ƙyallen kafaɗa tana goga shi, matsi kuwa shi ke tura ruwa ciki.

Amma akwai abu na biyu da ke rikita mutane da yawa, shi ne gumi. Jikin mutum ba ya daina fitar da tururi. In ruwa mai sanyi ya sanyaya rigar daga waje, tururin nan sai ya koma ruwa a jikinta ta ciki, kamar yadda ledar fiya wata ke yin raɓa in an fito da ita daga firij, alhali ba ta huje ba. Auduga kuma ta shanye ta riƙe. Jiƙewar da ta zo daidai a kafaɗu biyu da tsakiyar baya yawanci gumi ce. Wadda ta taru a wuri ɗaya, musamman kusa da ɗinki ko zif, yoyo ce. Kai kamar duka biyun suka haɗu maka.

Ga gwajin da zai raba gardama. Ka bar rigar ta bushe sarai. Ka sa riga mai launin toka a ciki, don tana nuna danshi da wuri. Ka ja zif, ka sa hular, ka tsaya cak ba motsi, wani ya yi ta zuba maka ruwa da abin ban ruwan lambu kamar minti 10 zuwa 15, daga sama da kuma ta gaba. Tunda ba ka yi aikin gumi ba, duk danshin da ya bayyana daga waje ya zo. A ɗauki bidiyo daga farko har ƙarshe ba yankewa.

Auwal_Gaskiya_Ɗaya:
Ni fa ban ji daɗin inda maganar nan ta dosa ba. Mutum ya biya kuɗinsa don kada ya jiƙe, ya jiƙe, yanzu kuma ana tambayarsa me ya sa a ciki, wace jaka ya goya. Uzuri ake nema wa ɗan kasuwa. A tallar an ce kada a hau babur da ita? An ce kada a goya jaka? Rigar masu hawan dutse ce fa, wane mai hawan dutse ne ba ya goya jaka?

Injiniya_Glasgow:
Malam Auwal, maganarka ta jaka gaskiya ce, rigar dutse da ba ta jure igiyar jaka ba ta cika sunanta ba. Ba uzuri nake nema wa kowa ba. Abin da na gani ne a nan: in ka kai ƙorafi, kalmar farko da za a faɗa maka ita ce gumi ne. In kana da bidiyon da ke nuna kana tsaye ruwa ya shiga ta aljihu, ka toshe wannan ƙofar tun kafin a buɗe ta.

Malam_Habibu_Zariya:
Ta fuskar shari'a maganar a bayyane take. In mai sayarwa ya ambaci wata siffa a kayansa, aka saya saboda ita, sannan aka tarar babu, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Haka in an sami aibin da ya riga ciniki, wanda ba a nuna masa ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wajen mai sayar da abinci, ya sa hannunsa a cikin tarin, yatsunsa suka taɓa danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mai rigar nan, in ya san rabin ɗinkin ba a rufe yake ba, wajibinsa ne ya faɗa.

Sai dai Malam, ka kiyaye abu ɗaya. Malamanmu na Malikiyya sun ce in mutum ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kayan, ana ɗaukar hakan yarda ce. Don haka bayan gwajin da Injiniya ya faɗa, ka ninke ta ka ajiye har a warware.

Alhaji_Kabiru_Mai_Kaya:
Allah ya gafarta Malam, ban musa ba. Amma a matsayina na ɗan kasuwa bari in faɗi namu ɓangaren. Da yawa daga cikin masu sayarwa ta waya ba su taɓa buɗe ledar kayan ba. Hoton da bayanin duk daga wajen dila suke kwafowa, shi ma dilan daga masana'anta. Yaron nan mai yiwuwa bai san ma akwai wani tef a cikin riga ba. Ribar da ya ci ba za ta wuce 'yan dubbai ba, in ya karɓi rigar da aka sa, babu wanda zai mayar wa. Ba ina cewa ya yi daidai ba ne, ina cewa a bi shi da lalama, an fi samun biyan buƙata.

Maman_Sadiq:
Alhaji, rashin sani ai ba zai sa asarar ta koma kan mai saye ba. Wanda bai gwada kaya ba, kada ya rubuta ko ɗigo ba ya shiga.

Barista_Hadiza:
Ina goyon bayan a fara da lalama, amma ya kamata Malam ya san inda yake tsaye. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye hakkin samun kayan da suka dace da abin da aka yi su dominsa, kuma suka yi daidai da bayanin da aka sayar da su a kai. In kaya suka gaza, dokar ta ba da watanni uku daga ranar da aka kawo su a mayar, a gyara ko a canza ko a biya kuɗi. Rubutun nan na ba a mayar da kaya da ake sa wa a rasit ko a shafi ba ya soke wannan hakki in kayan na da aibi.

Abin da za ka yi yau, kafin ya goge: ka ɗauki hoton tallar inda ya ce ruwa ba ya shiga, da hirarku ta WhatsApp, da shaidar tura kuɗi, da takardar jikin rigar. Bayan gwaji ka rubuta masa saƙo guda, ba zagi ba barazana, ka faɗi ranar saye, abin da ya yi alkawari, abin da ka samu, abin da kake so, da ranar da kake jiran amsa. In ta wani babban dandalin ciniki ka saya, ka buɗe ƙorafi a can ma, don suna da nasu wa'adin kuma gajere ne. In duk ya ƙi, ana shigar da koke a shafin hukumar.

Ɗan_Achaba_Terminus:
Barista, Allah ya ƙara ilimi, amma wanda shagonsa lambar waya ce kawai, in ya toshe ka a ina za a same shi?

Barista_Hadiza:
Ta asusun bankin da aka tura wa kuɗin, akwai suna a jikinsa. Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Amma sau da yawa saƙon da ya nuna mutum ya san hakkinsa kuma yana da hujja a hannu ya isa ya sauya murya.

Zainab_Manchester:
A nan Ingila dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kaya mai aibi a ba ka kuɗinka cif. Daga nan zuwa wata 6 kuma, shagon ne zai kawo hujjar cewa lafiya lau ya sayar maka. Duk da haka sai sun aika rigar an gwada kafin su yarda, don haka shawarar bidiyo tana kan hanya.

Ni abin da nake so in ƙara shi ne maganar duhun da kafaɗun suka yi. A saman ƙyallen akwai wani shafi na sinadari da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. Ba shi ne ke tare ruwa ba, tantanin da ke ciki ne ke wannan aikin, amma in shafin ya mutu sai ƙyallen waje ya sha ruwa ya yi nauyi ya yi sanyi, tururin jiki ya rasa hanyar fita, ka jiƙe daga ciki. Ƙura da maiƙon jiki da hayaƙi da gogar jaka duk suna kashe shi. Mutanenmu da yawa tsoron wanke rigar ruwa suke, alhali dauɗa ce ke lalata ta. A wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun ruwa kaɗan, a ɗauraye sau biyu. Ban da garin sabulu, ban da bilic, ban da ruwan ƙamshin nan mai sa kaya laushi. In ta bushe a shimfiɗa tawul a kai a bi da dutsen guga mai ɗan ɗumi ba tururi, zafin na farfaɗo da shafin. In ya ƙare gaba ɗaya akwai na fesawa irin su Nikwax da Grangers. Rigunan zamanin nan ma sun fi na da buƙatar wannan kulawa, saboda kamfanoni da yawa sun bar sinadaran PFAS da ake amfani da su a da, don ba sa ruɓewa a ƙasa da ruwa, waɗanda suka maye gurbinsu kuma ba su kai su jure maiƙo ba.

Amma Malam kai kada ka wanke taka yanzu. Sabuwar riga bai kamata ta buƙaci wannan ba.

Isuhu_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Maraɗi ruwan ba ya daɗewa, ya zo da iska da ƙarfi ya wuce, don haka 'yan kabu-kabu fakewa suke a rumfa har ya ɗauke. Wanda ya matsu ya sayi ta roba ta jikka biyar ko shida. Abin da ke kashe muna riguna ba ruwa ba ne, ajiya ce. Wata takwas tana ninke cikin akwati a ɗakin kwano, in damina ta zo ka buɗe ka tarar cikin ya manne da juna.

Gwanjo_Na_Ɗaya:
Malam Isuhu ya faɗi gaskiya, kuma wannan sana'ata ce. In muka fasa dila ta jaket, na kan ware su kashi uku. Akwai wadda cikinta ke danƙo ko yana zubar da farin gari kamar dusa, tana wani wari. Wannan robar da aka shafa a cikin ce ta ruɓe saboda zafi da danshi, ba ta gyaruwa, sai dai a sa ta don sanyin hunturu. Akwai wadda tef ɗinta ya fara ɗagowa a wuya, inda maiƙon gashi da gumi ke taruwa, wannan tana gyaruwa. Sai wadda cikinta ƙyalle ne a manne da tantanin, wato mai hawa uku, ita ce ke daɗewa. Ku ɗaga riga ku duba ta a hasken rana, inda haske ya ratso ruwa ma zai ratso. Kuma kada suna ya ruɗe ku, na sha ganin sabuwar riga da tambarin babban kamfani a hannu, ka juya ciki ka ga ko tef ɗaya babu. Na gwanjo mai kyau ta fi irin wannan nesa ba kusa ba.

Abdul_Kumasi_Zango:
Ina so in tambayi Injiniya. Na sayi riga mai Gore-Tex ta gaske a gwanjo, wato tantanin nan mai tare ruwa ya bar tururi ya fita, ba ta yoyo, na gwada. Amma a nan Kumasi in na sa ta na yi tafiya kaɗan sai in jiƙe da zufa kamar ban sa komai ba. Ina numfashin da ake cewa tana yi?

Injiniya_Glasgow:
Ɗan'uwa Abdul, rigarka lafiyarta ƙalau, yanayin ne bai dace da ita ba. Tantanin nan Bob Gore ne ya gano shi a Amurka a 1969, da ya fizgi sandar roba ta PTFE mai zafi ta miƙe ta zama mai ƙananan ƙofofi. Kamfanin da ke yin sa ya ce akwai kimanin ƙofa biliyan 9 a kowane inci murabba'i, kowace ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururi girma sau 700. Shi ya sa ruwa ba ya shiga, tururi kuma yana fita. Sai dai tururi ba ya fita don kansa, sai in cikin rigar ya fi waje ɗumi da danshi. A kan dutse mai sanyi bambancin yana da yawa. A Kumasi da damina, waje ma ɗumi ne da danshi, babu abin da zai ja shi. A irin garinku riga mai faɗi da iska ke shiga ta ƙasa, ko mai zif a hammata, ko lema kawai, ta fi amfani.

Ko su ma rigunansu na farko a shekarun 1970 ta ɗinki suke yoyo, sai da suka fito da tef ɗin da Malam Sani ya yi bayani.

Baba_Ɗanlami:
Yara, kun tuna min da kabido. Da muna ƙanana makiyaya da manoma shi suke sawa, saƙar kaba ce daga kai har gwiwa, ga malafa a sama. Ruwa na bin ganyen yana sauka, iska na shiga ta ko'ina, babu zancen gumi. Ba zai yi a kan babur ba, na sani. Amma wanda ya saƙa maka a kasuwar ƙauye ɗaya kuke, in ya yi yoyo ranar kasuwa mai zuwa za ka same shi a inda ka bar shi.

Zainab_Manchester:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Turawa ma sun daɗe suna fama. A 1823 Charles Macintosh na Glasgow ya yi rajistar dabarar manna roba tsakanin ƙyalle biyu, har yau da sunansa wasu ke kiran rigar ruwa a nan. Ta farkon in an yi sanyi ta ƙage, in an yi zafi ta yi danƙo, kuma teloli na huda ta da allura ruwa ya bi ɗinkin.

Sabo_Mai_Faci:
Malam kawo ta wajen kowane mai faci ya shafa maka salushan a ɗinkin, ko ka goga kyandir. An gama.

Tela_Sani_Fagge:
A'a Sabo, kada a yi haka. Salushan na taya an yi shi don roba ne, yana iya cinye shafin cikin rigar, kuma in ya bushe ɓarewa yake. Kyandir na ƙyallen auduga mai kauri ne irin na tamfol, a kan wannan toshe numfashin zai yi ya tara ƙura. Akwai gam na musamman na ɗinkin tanti da rigar ruwa, akwai kuma tef da ake mannawa da dutsen guga, a sa takarda a tsakani, wuta kaɗan. In wuta ta yi yawa tantanin ya narke, shi ke nan.

Barista_Hadiza:
Kuma ko wane iri ne, kada ya taɓa ta da gyara yanzu. Da zarar ka shafa wani abu, ka ba shi hujjar cewa kai ka ɓata.

Malamin_Gona_Bokkos:
Jama'a na yi gwajin, ƙanena ya zuba ruwan, matata ta ɗauki bidiyo. Bayana da kafaɗar dama a bushe suka fito. Ƙirjin hagu kuwa tun kafin a kai rabin lokacin na ji sanyi, da na buɗe ga danshi ya bi layin ɗinkin aljihu har ƙasa. Kafaɗar hagu ma ta yi naso kaɗan, da na duba da kyau sai na ga tef ɗin wurin ya kauce, bai hau kan ɗinkin ba kamar tsawon yatsa. Na tura masa bidiyon da saƙo irin yadda Barista ta tsara. Ya kira ni da kansa, muryarsa ta sauko. Ya ce in zaɓa: ko ya canza min da wata irinta in biya kuɗin mota, ko in riƙe wannan ya mayar min da dubu 30. Kuɗi gaba ɗaya dai ya ce ba shi da hali.

Auwal_Gaskiya_Ɗaya:
Kada ka karɓi ko ɗaya. Kuɗinka duka, kuma kuɗin motar ma shi zai biya. Jiya ya ce haka suke duka, yau ya ga bidiyo ya sauko, in ka tsaya zai ƙara saukowa.

Injiniya_Glasgow:
Canjin dai ban ba ka shawara ba. Tef ɗin da ya kauce kuskuren riga ɗaya ne, amma aljihun da ba a rufe ba haka aka tsara samfurin, wadda zai aiko ma haka za ta zo.

Alhaji_Kabiru_Mai_Kaya:
Ni a ganina ka karɓi dubu 30 ɗin. Wanda ya kira ka da kansa ba ɗan damfara ba ne. Ka cire kaɗan a ciki a rufe maka ɗinkin, ka sayi ta roba irin ta Ɗan Achaba don kan babur, wannan kuma ka riƙa sawa in ka sauka kana zagaya gonaki.

Malam_Habibu_Zariya:
Duka biyun sun halatta, ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko su yi sulhu a kan ragi in ransa ya kwanta da hakan. Sai dai ina roƙon Malam ya sa masa sharaɗin gyara tallar, don akwai wasu a bayansa da za su saya a kan wannan magana.

Maman_Sadiq:
Dubu 48 kenan a kan rigar da sai an kai ta gyara. Ni dai da ni ce ba zan yarda ba.

Tela_Sani_Fagge:
In ka yanke shawarar riƙewa, turo min hoton cikin aljihun da na ƙasan zif in gani. In cikin mai santsi ne tef zai kama, in kuwa akwai raga a kai sai an farke ta tukuna, kuma ba kowane tela ne zai iya mayar da ita daidai ba.

Nura_Gembu:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni a Mambila nake aikin allurar shanu, ruwanmu ya fi na Filato daɗewa, ga hazo da sanyi. Ina shirin sayen irin wannan rigar. Injiniya, ta robar da Ɗan Achaba ya faɗa za ta yi wa mai hawa tudu a ƙafa, ko gumi zai kashe ni?

Ɗan_Achaba_Terminus:
A ƙafa kam ba za ka iya da ita ba, ɗan'uwa, ko mu in mun tura mashin a taɓo sai mun buɗe gaba. Ka nemi irin mai hawa ukun da Gwanjo ya faɗa, amma ka juya cikinta a gaban mai kayan kafin ka biya.

Malamin_Gona_Bokkos:
@Tela_Sani_Fagge na turo maka hotunan ta akwatin saƙo, akwai raga a wajen aljihun. @Barista_Hadiza in na ce masa ban yarda da ragin ba sai kuɗina duka, kwana nawa ya dace in ba shi kafin in kai koke?